Gwanzu, Kasuwar Bakin Kogin Lu'ulu'u

Jirginmu ya tashi daga Addis Ababa cikin dare, muka yi awa goma da 'yan kai a sama kafin mu sauka filin jirgin Baiyun. Tun daga taga na fara ganin abin da ya yi birnin: ruwa ko'ina, rassan kogi sun ratsa ƙasa kamar jijiyoyin ganye, masana'antu da gidaje sun cike duk tsakaninsu. Wannan birni na kudancin ƙasar Sin a takarda sunansa Guangzhou, Turawa sun daɗe suna ce masa Canton, 'yan kasuwarmu kuma Gwanzu suke cewa. Agogonsa yana gaban na Kano da Yamai da awa bakwai, saboda haka lokacin da masu shago ke rufewa da yamma, a gida hantsi ne.

Daga filin jirgi zuwa unguwannin da mutanenmu ke sauka babu wuya. Jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 3 zai kai ka Jiahewanggang, ka sauya zuwa layi na 2. Mai zuwa Sanyuanli ya sauka a kan wannan layin. Mai zuwa Xiaobei ya wuce zuwa babbar tashar jirgin ƙasa, ya hau layi na 5, tasha ɗaya ce tak.

Wanda yake son ya gane birnin, da kogin zai fara. Manyan koguna uku ne, na yamma da na arewa da na gabas, suke haɗuwa a wannan yanki su zama abin da ake kira Kogin Lu'ulu'u, sannan su fashe baki takwas su zuba a teku. Guangzhou na zaune a saman wannan fadama, kimanin kilomita 120 daga Hong Kong. Ta arewa duwatsun Nanling sun raba lardin Guangdong da tsakiyar ƙasar Sin, don haka tun fil azal fuskar mutanen nan teku take kallo. Jirgin ruwa yana iya shigowa can ciki ya fake daga guguwa, ƙananan jirage kuma su bi rassan kogi su kwaso kaya daga ƙauyuka.

Sai iska. Zamanin jiragen filafilai, iskar damina da ke busowa daga kudu maso yamma ita ke kawo fatake daga Indiya da ƙasashen Larabawa, ta hunturu daga arewa maso gabas ita ke mayar da su gida. Wanda ya iso dole ya zauna watanni yana jiran iska ta juya. Baƙon da zai yi wata biyar a gari kuwa yana bukatar masauki, da masallaci, da tafinta, da dillali. Ta haka zangon baƙi ya kafu a Guangzhou, kuma har yau bai tashi ba.

Kan titin Jiefang ta Arewa, kusa da tashar Yuexiu, akwai wurare biyu da zan so duk ɗan kasuwa ya ba su rabin yini. Na farko kabarin sarkin Nanyue ne, Zhao Mo, wanda ya mutu shekara 122 kafin haihuwar Annabi Isa. A 1983 masu haƙan gini suka ci karo da shi, ba a taɓa buɗe shi ba. An samu gawar cikin riga ta ƙananan duwatsun jad da aka ɗinke da zaren siliki, amma abin da ya fi tsayar da ni shi ne hauren giwar Afirka, da akwatin azurfa irin na Farisa, da lubban. Garin da kansa a shekara ta 214 kafin Annabi Isa aka kafa shi da sunan Panyu, ke nan bai cika shekara ɗari ba kayan Afirka suka iso fadarsa.

Na biyu shi ne masallacin Xianxian, inda Musulmin Sin ke cewa kabarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas yake. Malaman tarihin Musulunci sun tafi a kan cewa sahabin a kusa da Madina ya rasu, a Baƙi'a aka binne shi. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne daɗewar Musulunci a birnin. Tun daular Tang Larabawa da Farisawa ke da unguwarsu a nan, suna kiran garin Khanfu, kuma a shekara ta 714 hukuma ta naɗa jami'i na musamman mai kula da cinikin teku da karɓar haraji. Masallacin Huaisheng, can cikin tsohon gari, yana da hasumiya mai tsawon mita 36, sumul ba ado, wadda ake kira Hasumiyar Haske domin a da jirage na ganinta daga kogi. Yanzu kogin ya ja da baya sosai, hasumiyar na tsakiyar gidaje. Zaman bai kasance lafiya kullum ba: wajen 878 zuwa 879 ɗan tawaye Huang Chao ya ci garin, ya karkashe baƙin fatake, marubutan Larabawa na lokacin suka ce mutum 120,000 ne. Duk da haka ciniki ya dawo. Ibn Baɗɗuɗa ya zo a shekarun 1340, ya yaba girman kasuwar tangaran, ya tarar da Musulmi da alƙalinsu da shehinsu. Shi ne dai ya isa Takedda a 1353 ya ba da labarin jan ƙarfen da ake kaiwa Gobir.

Ranar Juma'a a Xianxian sahu yakan fita har harabar bishiyoyi: Musulmin Sin 'yan ƙabilar Hui da Uigur, Yamalawa, 'yan Pakistan, 'yan Mali da Gini, da namu Hausawa. A tuna cewa a nan alƙibla yamma take. Wanda ya saba cewa zai fuskanci gabas sai ya kiyaye a ɗakin otal.

Babin tarihin da ya fi kama da abin da muka sani shi ne na 1757 zuwa 1842. Sarki Qianlong ya rufe wa Turawa duk tashoshin ruwa ya bar musu Guangzhou kaɗai. Manyan jiragensu a Huangpu suke tsayawa. Su kansu an keɓe musu wani ɗan fili a bakin kogi, bayan ganuwa, mai gidajen ciniki goma sha uku. Ba sa shiga cikin gari, ba sa zuwa da mata, in lokacin ciniki ya wuce su koma Macau. Ba sa sayen ganyen shayi ko siliki sai ta hannun wasu attajirai ƙalilan da hukuma ta ba izini, kuma kowane jirgi sai ɗaya daga cikinsu ya tsaya masa: in baƙo ya ƙi biyan haraji ko matuƙansa suka yi ɓarna, mai tsaya masa za a kama. Duk wanda ya san aikin fatoma a fataucin goro da shanu, mai saukar da baƙo ya adana masa kaya, ya nemo mai saye, ya lamunce bashi, ya ci la'ada, ya san wannan tsari. Babba a cikinsu, Wu Bingjian, wanda Turawa ke kira Howqua, an ƙiyasta dukiyarsa da dalar azurfa miliyan 26 a 1834.

Abin da ya rushe tsarin shi ne Ingila na shan shayi fiye da abin da take da shi na sayarwa, azurfarta na ta kwarara Sin. Sai 'yan kasuwarta suka shiga shigo da ofiyom daga Indiya. A Yunin 1839 kwamishina Lin Zexu ya lalata akwati fiye da 20,000 na wannan ƙwaya a Humen, ya cuɗa ta da gishiri da farar ƙasa a ramuka ya kora teku. Yaƙi ya biyo baya. A Mayun 1841 ƙauyawan Sanyuanli, nan inda yau ake sarin jaka da takalmi, suka yi wa sojan Ingila taron dangi. Yarjejeniyar Nanjing ta 1842 ta buɗe tashoshi biyar, Shanghai ta ƙwace gaba. Gidajen goma sha uku sun ƙone a 1856, Turawa suka koma tsibirin Shamian, wanda gine-ginensu ke nan har yanzu ƙarƙashin manyan itatuwa. Sunan dai bai mutu ba: Shisanhang, wato gidaje goma sha uku, yau kasuwar sarin tufafin mata ce da ke ci tun asuba ta watse da azahar.

Da gwamnatin kwaminis ta bukaci kuɗin waje, nan ta sake buɗe ƙofa. A bazarar 1957 aka fara baje kolin Canton, kuma ana yin sa sau biyu a shekara. Yanzu a Pazhou yake, kan layi na 8, fili mai murabba'in mita miliyan 1.55. Kowane zagaye kashi uku ne, kwana biyar-biyar. Na bazara 15 zuwa 19 ga Afrilu, 23 zuwa 27, sai 1 zuwa 5 ga Mayu. Na kaka 15 zuwa 19 ga Oktoba, 23 zuwa 27, sai 31 ga Oktoba zuwa 4 ga Nuwamba. Kashin farko na lantarki ne da injuna da kayan mota da na sola, na biyu kayan gida da na gini da kujeru, na uku yadi da tufafi da takalma da kayan asibiti. Mutum ya duba kashinsa kafin ya yanki tikiti, don na ga wanda ya zo neman famfon ban-ruwa a makon tufafi. Kuma a san cewa baje kolin ba wurin saye a ɗauka ba ne. Samfur ake nunawa, ana maganar mafi ƙarancin adadin da masana'anta za ta yarda ta yi, sau da yawa kwantena guda. Mai ƙaramin jari kasuwannin cikin gari sun fi masa, kuma gara ya kauce wa waɗannan makonni domin kuɗin otal ninkawa yake.

Birnin yana da mutum miliyan 18.7 a ƙidayar 2020, arzikin da yake samarwa a shekara ya haura yuan tiriliyan 3 a 2023. Babbar masana'antarsa mota ce: kamfanin GAC na haɗa Honda da Toyota, ana yin Nissan a Huadu, ga masu motar lantarki irin Xpeng. Gabas da tsohon gari, a Tianhe, bankuna ne da dogayen benaye, hasumiyar Canton mai mita 600 na tsallaken kogi. Amma galibin abin da mutanenmu ke saye ba a cikin birnin ake ƙera shi ba, kuma rashin sanin haka yana cin kuɗi. Guangzhou rumfa ce, maƙera na kewaye da ita, kowane gari da sana'arsa. Tayil da kayan banɗaki Foshan. Kujeru da gadaje Lecong, inda shaguna suka jeru kilomita da kilomita a bakin titi guda. Fitilu Guzhen ta Zhongshan. Wandon jins Xintang. Jakunkuna Shiling. Waya da kayan gyaranta Huaqiangbei ta Shenzhen, tafiyar da jirgin ƙasa mai gudu ke yi cikin rabin awa zuwa awa ɗaya. Atamfa da shaddar da ke cika Kantin Kwari ma da yawansu can arewa ake buga su, wajen Shandong da Jiangsu da Zhejiang, ofis da shagon nuni kawai ke nan. Na tsaya gaban waɗannan turame ina tuna masaƙun Kaduna da na Sharaɗa da Bompai da suka rufe, kuma abin yana da ciwo, domin audugarmu da kasuwarmu duk muna da su, wuta da tsari muka rasa.

A cikin gari kowace kasuwa da abin da ta tsaya a kai. Zhongda, kusa da jami'ar Sun Yat-sen, ta yadi ce da maɓalli da zif, girmanta ya kai unguwa. Baima da Zhanxi, gefen tashar jirgin ƙasa, tufafi da agogo da takalma. Shahe tufafi masu araha. Titin Yide kayan wasan yara da na kwalliyar biki. Guihuagang fata. A titin Guangyuan ta Yamma akwai kasuwar Canaan da maƙwabtanta, inda 'yan Najeriya suka fi yawa. Xiaobei kuwa, da benen Tianxiu da lungunan Dengfeng, nan Musulmin Afirka ta Yamma suka fi taruwa, nan ne leshi da jallabiya da ofisoshin kago suke. Abinci ba matsala: a nemi allo kore mai rubutun halal, yawanci na masu taliyar Lanzhou. A yi hattara da abincin garin na asali, domin naman alade da kitsensa suna shiga har cikin abin da ido zai ɗauka fanke ne ko alawa.

Ciniki da kalkuleta ake yi, kowa ya danna nasa. Abin da ke rikita baƙo shi ne Sinawa da dubu goma suke ƙirga manyan kuɗi, suna ce mata wan, don haka wan uku 30,000 ne. Ma'aunin nauyi na kasuwa, jin, rabin kilo ne. A yadi, a tambaya ko da mita ake magana ko da yadi, domin yadi 100 mita 91.44 ne kawai. Turmin atamfa yadi shida, leshi yadi biyar, a sa awo a gwada a gabanka. Farashi ɗaya ba ya nufin kaya ɗaya: mai shago yakan ajiye abu kala uku masu kama da juna, kuma in ka matsa masa ragi fiye da kima ba zai ƙi ba, sai dai ya rage kaurin yadi, ko ya sa waya mai gorar ruwa da aka shafa wa jan ƙarfe, ko batirin da ƙarfinsa bai kai abin da aka rubuta ba. Araha ba ta ado. Mai sayen kayan wuta ya faɗi irin filogin da yake so, mai ƙafa uku masu kusurwa na Najeriya ko mai ƙafa biyu zagayayyu na Nijar, in ba haka ba na Sin za a sa masa.

Oda daga masana'anta bisa al'ada kashi 30 ake bayarwa kafin alƙalami, 70 in kaya sun kammala. Wurin da ake faɗawa rami shi ne biyan cikon kafin a duba. Samfurin da aka amince da shi a yi shi biyu, kowa ya sa hannu a kai, ɗaya ya zauna wurinka. A rubuta a rasit nauyi da kauri da launi da adadin da ke cikin kowane katan da ranar kawowa. In kaya sun iso sito a buɗe katan daga tsakiya da ƙarshe, kada a tsaya kan na bakin ƙofa. A nemi ganin lasisin kamfani, a tabbata sunan da ke kansa shi ne na asusun da za a tura kuɗi. Ejan kuma a yi magana da shi a fili tun farko kan la'adarsa, domin wanda ya ce kyauta yake raka ka, a wurin mai shago yake karɓa, kuma cikin farashinka aka sa. Zuwa da kai ya fi saƙo, musamman a odar farko.

Lissafin lodi shi ma sana'a ne. Katan mai santimita 60 da 50 da 40 yana cin CBM 0.12 (CBM ɗaya shi ne wuri mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi). Kwantena ƙafa 20 tana ɗaukar kimanin CBM 28 a aikace, doguwar ƙafa 40 kimanin 68, ke nan irin wannan katan wajen 560. Kaya masu nauyi ba wuri ke ƙare musu ba, ma'auni ke tsayar da su: tayil 60 da 60, katan mai guda huɗu, kusan kilo 30 ne, katan 900 sun kai tan 27, kwantena ta cika ko da saura sarari a sama. A jirgin sama kuma ana ninka tsawo da faɗi da tsayi a raba da 6,000. Katan ɗin nan zai ba da kilo 20, kuma ko nauyinsa na gaskiya 12 ne, kuɗin 20 za ka biya. Shi ya sa ake matse tufafi a fitar da iska. Batir da turare da duk wani mai ruwa-ruwa a bayyana su, suna da hanyarsu dabam, ɓoye su yana sa a riƙe kayan jama'a gaba ɗaya.

Sai laima. Garin na da zafi da gumi daga Afrilu zuwa Satumba, guguwar teku na iya rufe tasha tsakanin Yuli da Satumba, a watan Maris kuma har bango da daɓe ke tsattsafo da ruwa. Katan da ya sha wannan iska, in aka rufe shi a kwantena ya ratsa teku, ruwa zai taru a rufi ya riƙa ɗiga. Takalmi da jaka su yi funfuna, ƙarfe ya yi tsatsa. Maganinsa leda a cikin katan, da jakunkunan tsotse laima a rataye jikin kwantena, kuma kada a yi lodi a fili ana ruwa.

Takardun zama ba abin wasa ba ne a nan. Otal shi ke yi wa baƙo rajista, amma wanda ya sauka gidan ɗan'uwa dole ya je ofishin 'yan sanda cikin awa 24. Wuce wa'adin biza tarar yuan 500 ce kowace rana har zuwa 10,000, ana iya tsare mutum a kore shi a hana shi dawowa. Fasfo ya zauna a jiki kullum. Dangantakar hukuma da baƙin Afirka ta sha tsami: an yi zanga-zanga a 2009 da 2012, a Afrilun 2020 kuma, lokacin korona, an fitar da 'yan Afirka da dama daga gidajen haya da otal, har shugaban majalisar wakilan Najeriya ya kira jakadan Sin. Yawan mutanenmu a Xiaobei ya ragu ƙwarai idan aka kwatanta da shekarun baya, da yawa sun koma yin oda ta WeChat. Wannan manhaja da Alipay su ne kuɗin garin, a haɗa su da kati tun daga gida, a kuma sani WhatsApp da Google ba sa aiki a layin ƙasar.

Ranar ƙarshe na bi wata motar kwantena zuwa Nansha, can kudu inda kogi ke haɗuwa da teku. Tashoshin Guangzhou sun ɗaga kwatankwacin kwantena ƙafa 20 fiye da miliyan 25 a 2023. Daga nan zuwa Legas jirgi kan yi kwana 35 zuwa 45, a ƙara makonnin fitar da kaya a kwastan, wanda ke tsawaita in ba a buɗe Form M, takardar shigo da kaya Najeriya da ake cikawa ta banki, kafin lodi ba, ko babu takardar SONCAP ta shaidar ingancin kaya, sannan hanyar mota zuwa Kano. Mai kayan sallah ya lissafa da baya: wata guda na ƙira, wata ɗaya da rabi a ruwa, kusan wata guda tsakanin tasha da shago. Ana hutun mako guda daga 1 ga Oktoba. Sabuwar shekarar Sinawa kuma, wadda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, tana rufe masana'antu mako uku ko fiye, ma'aikata su tafi ƙauyukansu, wasu ba sa dawowa, aikin makonnin farko bayan hutu yakan zo da kurakuran sababbin hannu. A 2026 ta faɗo 17 ga Fabrairu, daf da kamawar azumi, kuma a 'yan shekarun nan haka za su riƙa tafiya kusa da juna. Kayan ƙaramar sallah, in ana so su riski kasuwar azumi, a baje kolin Oktoba ake ba da odarsu, su bar Nansha tun farkon Disamba.